Me ake jira a faifan fim ɗin da babu magana a cikinsa?

Tambaya: Malam, na lura a Turai da Amurka akwai masu zaman jiran fitowar faifan tsofaffin fina-finai marasa magana, na wajen 1920, har su ba da kafin alƙalami watanni kafin faifan ya fito. Wani ma fim ɗaya ya saya sau uku. Ga su kuwa birjik a YouTube kyauta. Mene ne abin ɗoki a ciki, kuma me ya sa fitowar take cin shekaru?

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ke YouTube da wanda suke jira sunansu ɗaya, amma sau da yawa ba kaya ɗaya ba ne. Fim ɗin da aka yi bana, duk inda ka same shi tsawonsa ɗaya, launinsa ɗaya, sautinsa ɗaya. Na 1920 da 'yan kai ba haka yake ba. Tun ranar da ya fito yana da iri biyu ko uku. Kowace ƙasa kuma ta sa almakashi ta yanke abin da bai yi mata ba, sannan wuta da zafi da sakaci suka ci rabonsu. Abin da ya rage gutsattsari ne a warwatse a ma'ajiyoyin ƙasashe daban-daban. Shi ya sa mai tara fina-finai in ya ji za a fitar da faifan wani fim, ba ya tambayar labarinsa, ya san shi tuntuni. Abin da yake so ya ji shi ne daga wane zare aka ɗauko, minti nawa ne, da wane gudu za a haska shi, an maido da rininsa ko kuwa, kuma wa ya yi kiɗan.

Sai ka san girman asarar kafin ɗokin ya yi maka ma'ana. A 2013 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya fitar da rahoton da David Pierce ya haɗa. Dogayen fina-finai marasa magana da Amurka ta yi daga 1912 zuwa 1929 sun kusa 11,000. Kashi 70 cikin 100 sun ɓace ɗungurungum. Kashi 14 kaɗai suka rage cikakku a irin zaren da aka fitar da su, mai faɗin milimita 35. Sauran, ko kwafin da aka aika ƙasar waje, ko wanda aka mayar kan ƙaramin zare, ko guntu. Indiya da muka saba da fina-finanta abin ya ma fi muni: ta yi marasa magana sama da 1,300, waɗanda suka tsira kuwa, har da gutsattsari, wajen 30 ne.

Shi kansa zaren shi ne makashin kansa. Da sinadarin naitiret ake yin sa, dangin abin da ake haɗa albarushi da shi. In ya kama wuta ko a ruwa ka tsoma shi ci yake yi, domin shi ke samar wa kansa iskar da wutar ke bukata. In bai ƙone ba kuma ruɓewa yake yi. Da fari hoton ya koɗe, zaren ya yi ruwan ƙasa. Sai ya fara danƙo, yana wani wari mai hawa kai da zarar an ɗaga murfin gwangwanin. Sai kumfa mai kauri ta ɓullo a gefen naɗin. Daga nan ya dunƙule ya zama curi guda da ba a iya warwarewa, ƙarshe ya koma gari mai launin tsatsa a gindin gwangwani. Gwajin da aka yi a Amurka ya nuna zaren da ya fara ruɓewa yana iya kamawa da kansa a zafin digiri 41, wato zafin da muke sha a watan Afrilu ba mu ma ɗauke shi labari ba. Sai farkon shekarun 1950 Kodak ta daina yin irinsa.

A watan Yulin 1937, ana tsakiyar zafi, ma'ajiyar kamfanin Fox da ke Little Ferry a jihar New Jersey ta tashi. Akasarin fina-finan Fox marasa magana a nan suka tafi. Theda Bara, wadda tana cikin manyan taurarin zamaninta, ta yi fim wajen 40, yau 'yan ƙalilan ne suka rage. Cleopatra ɗinta na 1917 sai 'yan gutsattsari. A 1965 ma'ajiyar kamfanin MGM ta kama, ta tafi da kwafi na ƙarshe da aka sani na London After Midnight, fim ɗin Lon Chaney na 1927, wanda har gobe masu tara fina-finai ke mafarkin ɓullarsa. Amma wuta ba ta yi ɓarnar da ganganci ya yi ba. Da magana ta shigo fim daga 1927, kamfanoni suka ga tsofaffin kayan sun zama tarkace. Babu talabijin, babu kaset, babu wanda za a sayar wa. Ajiyarsu kuɗi, ga haɗari. Sai aka riƙa narka su ana tatsar azurfar da ke jikin zaren. Universal da hannunta ta hallaka mafi yawan nata a 1948.

Waɗanda suka tsira, sau da yawa nisa ne ya cece su. Dawson City wani garin masu haƙar zinariya ne can ƙuryar arewacin Kanada. Fim in ya isa can ya gama zagayensa, masu shi kuma ba sa son biyan kuɗin dawo da shi. Da gwangwanayen suka taru, a 1929 aka cike wani tsohon wurin ninkaya da su aka binne. A 1978 motar rusau ta tono su, naɗi 533, ƙasa mai ƙanƙara ta adana su. The Passion of Joan of Arc na Carl Dreyer, 1928, nagatif ɗinsa, wato zaren asali da ake buga kwafi daga gare shi, ya ƙone a Berlin a shekarar da ya fito. Dreyer ya sake haɗa wani daga ragowar ɗauka, shi ma ya ƙone a 1929. Shekara hamsin ana kallon kwafi masu rauni, sai a 1981 aka tsinci cikakken kwafin asali a wani kabad a asibitin masu taɓin hankali na Dikemark kusa da Oslo. Within Our Gates na Oscar Micheaux, darakta baƙar fata na Amurka, a Sifaniya aka same shi, an sauya masa suna. Irin waɗannan labarai su ke hana mai tara fina-finai yanke ƙauna. Ya ga an tsinci abin da aka gama yi wa makoki, ba sau ɗaya ba.

Bari in tsaya a kan Metropolis, domin shi ne amsar maganarka ta sayen fim ɗaya sau uku. Fritz Lang ya yi shi a Jamus, aka fara haska shi a Berlin a watan Janairun 1927, tsawonsa wajen awa biyu da rabi. Ba a jima ba masu rarraba shi a Amurka suka yanke kusan kwata, suka sake rubuta allunan rubutun da ke nuna abin da 'yan wasa ke cewa, aka kuma yanke na Jamus ɗin ma. Abin da aka cire bai tsaya ga ado ba. A ciki akwai labarin wata mata da mai garin cikin fim ɗin da wani masanin kimiyya duk suka so, wadda mutuwarta ce tushen gabarsu. Da aka cire ta sai masanin ya zama mahaukaci mai mugunta babu dalili. Haka duniya ta kalle shi shekara tamanin. A 1984 Giorgio Moroder ya fitar da gajeren iri da waƙoƙin zamani. A 2001 gidauniyar Murnau ta Jamus ta haɗa mafi kyawun abin da ake da shi, minti 124, tana sa allon rubutu a inda fitowa ta ɓace don ta gaya maka abin da ba za ka gani ba. Aka fitar da shi a DVD, kowa ya saya, kowa ya ɗauka ƙarshen tika-tika ke nan.

Sai a 2008 labari ya fito daga gidan tarihin silima na Buenos Aires a Ajantina. Ashe wani mai rarraba fina-finai na can ya sayi cikakken kwafin tun kafin a sa masa almakashi. Kwafin ya bi hannu zuwa hannu, daga baya aka mayar da shi kan ƙaramin zare na milimita 16 aka rabu da na naitiret ɗin saboda tsoron gobara. Wanda ya yi kwafin bai ko goge zaren ba, sai duk ƙura da kartar da ke jiki suka shige cikin hoton suka zauna daram. Fernando Peña da Paula Félix-Didier su suka tabbatar da abin da ke cikin gwangwanayen: kimanin minti 25 da aka ɗauka sun ɓace tun 1927. Aka haɗa, aka haska a Berlin a watan Fabrairun 2010, faifan ya fito a Nuwamba.

In ka kalli wannan faifan za ka ga ɗinkin da idonka. Hoto na tafiya tangaram, fuska fes, sai kwatsam ya ɗan tsuke, baƙin gefe ya bayyana, layukan karta su sauko kamar ruwan sama, mutane su koma dishi-dishi. Bayan daƙiƙa uku, ko minti biyu, ya koma fes. Duk inda ka ga haka, kana kallon abin da aka yanke ne. Da babu gara ba daɗi, kuma ni a ganina wannan kartar ta ƙara wa faifan daraja, domin tana nuna maka daidai inda almakashin ya bi. Wanda ya sayi kaset ɗin Moroder, ya sayi DVD na gyaran 2001, ya sayi Blu-ray na 2010, fim uku ya saya masu suna ɗaya. A Amurka an rubuta a jikin kwalin cewa cikakke ne, wannan kuwa zaƙin bakin 'yan kasuwa ne. Har yanzu akwai fitowa biyu da suka lalace fiye da gyara, an maye gurbinsu da rubutu.

Yanzu na YouTube. Ba na kushe shi gaba ɗaya, akwai ma'ajiyoyi masu mutunci da ke sa kaya mai kyau a can, kuma ta nan mafi yawan matasa ke fara gani. Amma galibin abin da ke yawo kwafin kwafin kwafi ne. Duk wanda ya yi zamanin kaset ya san yadda fim ke komawa in aka kwafe shi daga kaset zuwa kaset har hawa biyar: fuska ta zama farin tabo, dare ya zama baƙin bango. Zaren fim haka yake, kowane hawa yana cin wani abu. Mutum ya kalli irin wannan sai ya ce mutanen da ba su iya ɗaukar hoto ba. Alhali in aka ɗauko daga nagatif ɗin da ya fito daga cikin kamara, za ka ƙirga zaren rigar ɗan wasa.

Sai gudu. A wancan zamani da hannu ake juya kamara, wani hoto 16 a daƙiƙa, wani 18, wani 20 ko 22. Sai da magana ta zo aka tsayar da 24. In ka ɗauki abin da aka yi a kan 16 ka haska a kan 24, ka ƙara masa rabin gudunsa, sai jana'iza ta koma tsere. Daga nan mutane suka samo zaton cewa 'yan wasan da tafiyar tsalle-tsalle suke yi. Masu barkwanci irin su Chaplin da Buster Keaton kan rage juyin kamara da gangan don a ga sauri, amma wannan zaɓi ne, ba kuskure ba. Kuma ba kullum ake da takardar da ta faɗi gudun da ya dace ba, masana har yau suna musu. Shi ya sa faifan Joan of Arc na kamfanin Eureka da na kamfanin Criterion kowanne ya sa iri biyu, na 20 da na 24. Hotuna iri ɗaya, amma tsakaninsu kwata ɗin awa, kuma kukan Falconetti, jarumar fim ɗin, a na 20 ya fi nauyi a zuciya.

Launi ma haka. Yawancin waɗannan fina-finai ba fari da baƙi aka gan su ba. Ana tsoma zaren a rini: shuɗi dare ne, ruwan ɗorawa rana ko hasken fitila, ja gobara. Fitowar dare da rana tsaka ake ɗaukar ta, rinin ne ke mayar da ita dare. Dubi Nosferatu na Murnau, 1922. Dodon cikinsa hasken rana ne ajalinsa, a kan haka labarin ya ƙare. A kwafin da aka yi ba rini sai ka gan shi yana ratsa gari ɗauke da akwatin gawarsa rana tsaka, inuwarsa a ƙasa, ba abin da ya same shi. Labarin ya rushe ke nan. Shi wannan fim ma da ƙyar ya sha: matar Bram Stoker ta kai ƙara cewa an saci littafin mijinta, kotun Jamus a 1925 ta ce a hallaka duk kwafinsa, waɗanda suka riga suka fita waje su suka tsira.

Akwai ƙananan illoli da ido ba ya lura sai an nuna masa. Da aka zo sake buga tsofaffin fina-finai a zamanin magana, layin sauti ya cinye gefen hagu na hoton, sai ka ga mutum rabin kafaɗa a waje. Sannan manyan kamfanoni kan jera kamara biyu, ɗaya ta gida ɗaya ta ƙasashen waje, wani lokaci ma ɗauka daban ake sa wa na waje. Mai gyara sai ya zauna da kwafi biyar daga ƙasa biyar yana gwada su hoto da hoto, ya gano wanne ne daraktan ya zaɓa.

Kiɗa kuwa rabin fim ɗin ne. Da wuya a haska su shiru. Ƙaramin gidan silima na da mai piyano, babba na da ƙungiyar makaɗa sukutum. Wanda ya ɗora fim a intanet yakan lafta masa duk kiɗan da ya samu kyauta, ana yanka mutum ana kiɗan biki. Faifai na gaske sai an nemo kiɗan asali in yana nan, ko a sa wani ya rubuta sabo, a biya makaɗa, a ɗauka. A Metropolis ma takardun kiɗan Gottfried Huppertz sun yi aikin da ya wuce kiɗa. Ya rubuta a jikinsu abin da ke faruwa a allo daidai kowace gaɓa, masu gyara suka bi wannan suka gane jerin fitowa da tsawon kowace. Shiraz, fim ɗin 1928 da aka ɗauka a Indiya a kan labarin gina Taj Mahal, da cibiyar BFI ta Ingila ta gyara shi a 2017 Anoushka Shankar aka ba ta yi masa sabon kiɗa. In kana son ka fara da abin da ba zai yi maka baƙunta ba, fara da shi.

Daga nan ka fara ganin inda shekarun ke tafiya. Fim na awa biyu a gudun 20 hoto 144,000 ne, kowanne sai an ɗauke shi a na'ura, an daidaita rawarsa, an cire tabo ba tare da an goge ƙwayar hoton ba. A Trip to the Moon na Georges Méliès, 1902, bai fi kwata ɗin awa ba. A 1993 aka samu kwafinsa mai launin da aka shafa da hannu a Barcelona, ya riga ya dunƙule. Kamfanin Lobster na Paris ya yi ta ɓamɓaro shi a hankali yana ɗaukar hoton kowane guntu, hoto 13,375, ba a haska shi ba sai a bikin Cannes na 2011. Masu wannan sana'a ba su da yawa. Ɗakin gyara na L'Immagine Ritrovata a Bologna na cikin waɗanda ake bin layi a ƙofarsu. Yawanci kuma sai fim ya zaga bukukuwa tukuna, irin na Bologna da na Pordenone a Italiya, kafin a yi maganar faifai. Wanda ya ji labarin an haska shi a can, daga ranar ya fara ƙirga watanni.

Kasuwar ƙarama ce ƙwarai. Wasu faya-fayan kwafi 2,000 ko 3,000 kawai ake bugawa, in sun ƙare shi ke nan, sai a hannun 'yan kunce da tsada. Kamfanonin da ke yi, irin su Kino Lorber, Flicker Alley, Milestone, Eureka, ba su da aljihun Hollywood. Saboda haka kafin alƙalamin nan da ya ba ka mamaki ba zumuɗi ba ne kawai, wani lokaci shi ne jarin. Ben Model, mai kaɗa piyano a fina-finai marasa magana, ta Kickstarter, shafin intanet na karɓar gudummawar jama'a, yake tara kuɗin fitar da faya-fayansa. Ta nan Kino ta tara gudummawar akwatin fina-finan farko na baƙaƙen fatar Amurka da ta fitar a 2016. Mai saye ya san in bai sa hannu a aljihu ba, fim ɗin zai ci gaba da kwana a gwangwani.

Wannan kuwa tsohuwar al'ada ce. Tun 1922 Pathé ta fito da zaren milimita 9.5 don kallo a gida, Kodak ta biyo da na 16 a 1923, aka riƙa sayar wa mutane da ba su hayar fina-finai. The Hunchback of Notre Dame na 1923, da ba don irin waɗannan kwafin gida ba da yau babu shi, domin Universal ba ta ajiye nata ba. Mutanen da kamfanoni suka daɗe suna yi wa kallon ɓarayi su ne suka riƙe abin da kamfanonin suka zubar. Ba na wanke su tas. A cikinsu akwai mai rowa da zai zauna a kan kwafi ɗaya tilo har ya ruɓe bai bari kowa ya gani ba. A masu sayen faifai na yau ma akwai wanda kwalin ƙarfe da ɗan littafin ciki yake so, ya jera a kanta ko ledar bai ɓare ba. Kamfanoni sun san da shi, suna kuma tatsarsa da sabon kwali a kan tsohon kaya. Ba kowane sake fitarwa ne ya cancanci kuɗinka ba. In ba sabon zare aka samo ba, ko sabon sikanin, ko sabon kiɗa, riƙe kuɗinka.

Abin da ya fi cin rai a jira shi ne haƙƙin mallaka, domin a nan fim ɗin na nan lafiya lau, takarda ce ta tare hanya. Wings, wanda ya fara cin kyautar Oscar ta gwarzon fim, sai 2012 Paramount ta fitar da faifansa. The Big Parade sai 2013. Greed da The Crowd da The Wind, uku daga cikin manyan fina-finan MGM, an gan su a kaset, amma zamanin tashen DVD ya zo ya wuce Amurkawa na jiran kamfanin Warner, da haƙƙinsu ya koma hannunsa, ya fitar da su. Babban kamfani in ya auna ya ga cinikin ba zai taka kara ya karya ba, sai ya ƙi fitarwa, ya kuma ƙi ba wani. A dokar Amurka haƙƙin irin waɗannan yana ƙarewa bayan shekara 95. Na 1927 sun kuɓuta a farkon 2023, na 1928 a 2024, na 1929 a 2025. Sai dai kada ka ɗauka an huta. Doka ta sake fim ɗin, amma nagatif ɗin na cikin ɗakin mai shi, kuma ba wanda zai tilasta masa buɗe ƙofa. Wanda zai kashe kuɗin gyara kuma yana tsoron washegari a kwafe a watsa.

Mu ma muna da ƙafa a wannan magana. A 1926 Geoffrey Barkas ya ɗauki wani fim marar magana mai suna Palaver a ƙasar Filato, cikin Angas da maƙwabtansu. Labarin na 'yan mulkin mallaka ne, da duk rainin da ka sani, amma ƙauyuka da fuskokin da ke ciki na gaske ne, kuma kwafinsa a Ingila yake, ba a nan ba. Shaihu Umar na Adamu Halilu, 1976, mai magana ne kuma da Hausa, amma hanya ɗaya ya bi: an daɗe ana zaton ya ɓace, aka gano zarensa a 2016 cikin kayan Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi, aka haska a bikin Berlin na 2018.

In za ka saya, duba bayan kwalin. Na kirki zai faɗi ma'ajiyar da ta ba da zaren, shekarar gyara, tsawon fim, da sunan mai kiɗa. In babu ko ɗaya, na YouTube ne aka zuba a faifai. Duba kuma shiyya, wato yankin duniyar da aka kulle faifan don ya yi aiki a na'urorinsa. A Blu-ray, Afirka da Turai shiyya ɗaya suke, wato B, Amurka kuwa A. Faifan Ingila zai yi a na'urar da aka yi wa kasuwarmu, na Amurka in an kulle shi ba zai yi ba. A DVD mu shiyya ta 5 ce, ko da yake yawancin na'urorin da ke kasuwanninmu ba ruwansu da kulle.

Wannan kullen ya taɓa juyewa kan Amurkawa a fim ɗin da aka fi daɗewa ana jira, Napoléon na Abel Gance, 1927. Kevin Brownlow yana yaro a Landan, a shekarun 1950, ya ci karo da guntayensa a zaren milimita 9.5, daga nan ya shafe rayuwarsa yana bin sauran ƙasa-ƙasa. A 1980 aka haska abin da ya haɗa a Landan da kiɗan Carl Davis. A 1981 Francis Ford Coppola ya kai gajeren iri New York da kiɗan mahaifinsa, Carmine Coppola. Daga nan aka shiga ja-in-ja a kan wa ke da haƙƙin wace ƙasa, kuma kiɗan wa za a sa. Brownlow ya ci gaba da tsintar guntaye har fim ɗin ya kai awa biyar da rabi a 2000, amma ba damar sa shi a faifai. Wanda ke son gani sai ya jira ranar da za a haska shi da makaɗa a zaune, abin da ba a yi sai jefi-jefi. Sai Nuwamban 2016 BFI ta fitar, shekara 36 bayan haskawar Landan, kuma a shiyyar B. Ba'amurke da yawa sai da ya sayi sabuwar na'ura saboda faifan nan kaɗai. Kafin su gama murna kuma, Cinémathèque ta Faransa ta kammala nata gyaran a ƙarƙashin Georges Mourier, wajen awa bakwai, aka haska a 2024.

Kuma duk da haka akwai abin da faifan ba zai iya ba. A ƙarshen fim ɗin Gance ya jera kamara uku, a gidan silima labule ya ja baya, allo ya zama uku a jere, rundunar Napoleon ta cika bango daga wannan gefe zuwa wancan. A talabijin abin sai ya juye: don allon uku su shiga, hoton tsukewa yake yi ya koma siririn layi a tsakiya, sama da ƙasa baƙi. BFI ta san da wannan, sai ta sa kowane ɓangare shi kaɗai a ɗaya daga cikin faya-fayan uku da ke kwalin. Mai talabijin uku da na'ura uku sai ya jera su, ya samo mutum biyu, su danna maɓalli a tare.